Daga Katsina zuwa Zanzibar da kaka da jika

Mu mutanen Katsina ruwan da muka sani shi ne na dam ɗin Ajiwa da Zobe da Jibiya, sai kududdufan damina da ke ƙafewa kafin sanyi ya kankama. Saboda haka da Yayanmu ya kawo shawarar cewa hutun da muka daɗe muna zuba wa adashe a yi shi a tsibiri, kuma a tafi da Baba da Hajiya, sai gida ya rabu biyu. Matasa suka hau murna, manya suka yi jim. Baba ya haura saba'in, Hajiya na fama da ciwon gwiwa, ƙaramar jikar gidan kuma ba a daɗe da yaye ta ba. Mu 13 ne. Ni aka ɗora wa tsara tafiyar, don ni ce malamar makaranta, kuma ni ce ke kusa da tsofaffin, na san maganin kowa da lokacin barcin kowa.

Tun daga farko na ɗaura wa kaina sharaɗi guda: duk abin da zan tsara, da takun Hajiya zan auna shi. Inda ƙafarta za ta kai, ta kowa za ta kai. Wannan sharaɗin ne ya zaɓa mana tsibiri, shi ya zaɓa mana wata, har ɗakin kwana.

Autarmu Maldibs take so, saboda hotunan da take gani a Instagram. Ƙasar Musulmi ce, amma manyan masaukanta kowanne a ɗan tsibirinsa yake, sai an hau kwalekwale mai gudu ko ƙaramin jirgin da ke sauka a kan ruwa, ga tsada. Na hango Baba a wurin da ba kasuwa, ba majalisa, ba masallacin da zai taka da ƙafarsa, na san kwana ɗaya zai ce a mai da shi gida. An ambaci Kef Bad, tunda tana cikin ECOWAS, an ambaci Sawo Tome da ke nan kusa da mu. Duka biyun Fotugis ake yi, Musulmi kuma 'yan kaɗan ne, ke nan kullum sai an yi ta tambayar yankan waye wannan naman. Zanzibar, tsibirin da ke ƙasar Tanzaniya, ta raba gardama. Galibin mutanenta Musulmi ne, kiran salla na iske ka duk inda kake, mace mai hijabi ba baƙuwar ido ba ce, kuma akwai gari mai tarihi wanda dattijo zai zauna ya yi kallo ba tare da ya jiƙa ƙafarsa ba.

Sai maganar lokaci. Ruwan sama mai ƙarfi a can daga Maris ne zuwa Mayu, sannan akwai ɗan gajeren ruwa wajen Nuwamba. Daga Yuni zuwa Oktoba gari a bushe yake, da iska mai daɗi. Dogon hutun makarantunmu ya faɗo a tsakiyar wannan, sai muka tsayar da Agusta. Matsalar ita ce Agusta a wurinmu tsakiyar damina ce, gero na fitar da kai, Baba kuma bai saba yin nisa da gonarsa a irin wannan lokaci ba. Bai amince ba sai da ƙaninsa ya zo har zaure ya ce, "Yaya, ku tafi hankali kwance, gonar nan amana ce a wuyana." Kuma a sani, wannan lokacin ne Turawa ke cika tsibirin, don haka masauki ya fi tsada, sai an kama da wuri.

Takardu su suka fi cin rai. Mai fasfo ɗin Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Muna cikin ƙasashen da sai an nema ta intanet tun daga gida, hukumar shige da fice ta can ta duba ta amince, kuma abin na iya ɗaukar makonni. Kowane mutum da fom ɗinsa, har mai shan kunu a cokali. Na ba abin watanni, kuma ban bari an sayi tikitin da ba a mai da kuɗinsa ba sai da amincewar kowa ta fito. Fasfon yara na buƙatar takardar haihuwa da lambar NIN da izinin iyaye. Akwai katin rigakafin shawara, wanda tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai, don haka na Baba da Hajiya na tafiyar aikin Hajji suka yi aiki. Wanda tsohonsa bai taɓa yi ba, ya fara ganin likita, don allurar tana son lura ga wanda ya wuce sittin. Sannan tun 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa kowane baƙo inshorar tsibirin, dala 44 ga babban mutum, ko da yana da wata. Mun biya tun a gida muka buga takardar. Abu na ƙarshe da na yi ta nanatawa shi ne leda: tun 2019 Tanzaniya ta haramta ta. Hajiya ta sauya ɗaurin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa zuwa robobi masu murfi.

Daga Katsina muka yi mota zuwa Kano, muka kwana a gidan Goggo, don tsoho ba a haɗa masa hanyar mota da ta jirgi a yini ɗaya. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka bi Ethiopian Airlines zuwa Adis Ababa, daga nan zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume a Zanzibar. Na nemi keken guragu wa Hajiya tun lokacin sayen tikiti. Da farko ta ƙi, ta ce ita ba gurguwa ba ce. Babban jikanta, wanda take kira angonta, ya ce, "Haba amaryata, ai sarauniya ba ta tafiya a ƙasa." Ta kai masa dundu, ta hau. Wasu kan sauka a Darussalam su hau jirgin ruwa na kimanin awa biyu. Ban bi nan ba, don a watannin nan iskar kudu na kaɗawa, teku na tashi, mu kuma ba wanda ya san yadda cikinsa zai karɓi igiyar ruwa.

Mun fara da tsohon garin, Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa kamar na cikin garin Katsina suke ta bayan gidan Sarki, sai dai nan gidajen benaye ne na dutsen teku, hawa biyu hawa uku, da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Mota ba ta shiga yawancin lungunan. Za a sauke ka a bakin titi, kaya a ɗora a baro. Matakalar tsofaffin gidajen kuwa tsaye take, ba lif. Shi ya sa kafin in biya kuɗin masauki na sa aka ɗauko mani bidiyo daga inda mota ke tsayawa har bakin gadon da Hajiya za ta kwanta, na ƙirga matakalar da idona. Ɗakin ƙasa muka kama masu, samari suka haye sama.

Daren farko Baba ya shimfiɗa darduma ya fuskanci gabas, yadda ya yi duk rayuwarsa. Mai kula da gidan ya zo cikin ladabi ya nuna masa arewa. Zanzibar kusan a ƙarƙashin Makka take daidai, sai dai can kudu, don haka alƙiblarsu arewa ce. Baba ya tara jikoki, ya ɗauki lemo biyu da kofi ya jera a kan tabarma, ga Katsina, ga Makka, ga Zanzibar, har sai da ƙananan suka gane. Washegari da asuba ya tafi masallacin unguwa da Yaya. Ya dawo yana ba da labarin cewa mutanen nan Shafi'awa ne, liman na bayyana Bismillah kafin Fatiha, yana ƙunutu a bayyane bayan ruku'u, jama'a na amsawa da amin. Daga ranar bai sake rasa abokan zama ba. Kusan kowane gida da dakali a ƙofarsa, dattawa na zaune da huluna masu aiki, ana shan gahawa baƙi a ƙananan kofuna. Da ɗan Larabcinsa na zaure da Turancinsa na tsohon ma'aikaci hira ta ƙullu. Mu muna yawo, shi yana dakali, kuma da yamma ya fi mu labari.

Daga bakinsa muka fara jin yadda Sayyid Sa'id na Oman ya dawo da fadarsa daga Maskat zuwa nan wajen 1840, da yadda a 1896 jiragen yaƙin Ingila suka yi luguden wuta a kan fadar, yaƙin ya ƙare ba a cika awa guda ba. A Janairun 1964 aka yi juyin juya halin da ya kawar da sarautar, an zubar da jini sosai, a Afrilun shekarar kuma Zanzibar ta haɗe da Tanganyika aka samu Tanzaniya. Mun ga Beit al-Ajaib, babban ginin da Sarki Barghash ya yi a 1883, daga waje kawai, don wani sashensa ya rushe a Disambar 2020.

Wuri ɗaya ne ya kawo saɓani a tsakaninmu: tsohuwar kasuwar bayi. An rufe ta a 1873, aka gina majami'ar Angilikan a filin. Akwai ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu ƙanƙanta da duhu da ake nuna wa baƙi, akwai kuma rami a fili da mutum-mutumi biyar a tsaye, sarƙa a wuyansu. Matar Yaya ta ce hutu aka zo, bai kamata a tayar wa yara hankali ba. Baba ya ce ƙananan su zauna da kakarsu, amma duk wanda ya isa azumi sai ya je. Ina ganin ya yi daidai. Da muka fito, ɗiyata ta ce Larabawa mugaye ne. Baba ya zaunar da ita a inuwa ya ce, "Uwata, kada ki ɗora wa wasu su kaɗai ki wanke hannu. Mu ma a ƙasarmu an yi kasuwar bayi, an yi rinji, an kora mutane ta Sahara. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Mahaifina yana raye a lokacin." Yarinyar ta yi shiru har muka koma masauki. Da dare ta zo ta tambaye ni ko a cikin mutanen da muka sani akwai jikokin waɗanda aka sayar. Na ce akwai, kuma akwai jikokin waɗanda suka saya, kuma yau duk sahu ɗaya suke bi a masallaci. Ban taɓa yin wannan maganar da ita a gida ba, ko da yake tarihi nake koyarwa.

Abinci bai ba mu wahala ba. Akwai shinkafa dafa-duka mai kayan ƙamshi da suke kira pilau, akwai biriyani, akwai tuwon masara da suke ce wa ugali. Da magariba lambun Forodhani da ke bakin ruwa na cika da masu gashi. Yara suka nace wa ruwan rake da ake matsewa da citta da lemun tsami. Samari suka ci ƙaguwa da jatan lande da wata halitta mai hannuwa takwas. Hajiya ta kawar da kai ta ce a tambayi malamai. Baba ya ce a mazhabarmu abin da ke cikin teku halal ne, amma shi ma kifi kaɗai ya ci. Na hana ƙananan cin abin da aka daɗe da gasawa aka jera, sai wanda aka ɗora a wuta a gabanmu.

Ranar gonar kayan yaji ranar Hajiya ce, kuma da gangan na sa ta da safe, lokacin da gwiwarta ta fi sauƙi. Gonakin suna can wajen Kizimbani, ba nisa da gari. Shekara fiye da hamsin tana daka kanumfari a yajin jego, tana sa shi a kunu da turaren wuta, ba ta taɓa ganin bishiyarsa ba. Ashe tohon fure ne, ana tsinke shi kafin ya buɗe, a shanya a tabarma har ya yi duhu. Ta murza ganyen a tafin hannu ta shaƙa, ta ce, "Ikon Allah, har ganyen." Aka nuna mata masoro yana nannaɗe bishiya yana hawa, aka ɓare mata kirfa daga jikin itace, aka fasa gyaɗar ƙamshi ta ga jan zaren da ke lulluɓe da ƙwallon, aka tono gangamau ɗanye. Mai yi mana jagora ya fara gwada ta: sai ya ba ta ganye ta shinshina ta faɗi sunan, ni ina fassarawa. Kusan duka ta ci. Daga nan ita ta karɓi bayanin, tana gaya masa abin da ake yi da kowanne a gidan mai jego, yadda ake haɗa su da kanwa a kunu, shi kuma yana ta tambaya. Jikokin suka tsaya suna kallon kakarsu da wani ido daban. Ya gaya mana yawancin kanumfarin ƙasar daga Pemba yake zuwa, tsibirin da ke arewa da wanda muke, wato Unguja.

Tsibirin Changuu kuwa ba a je da ita ba. Ana shiga kwalekwalen ne ta cikin ruwa, a taka ɗan tsani mai lilo, na ga ba dalilin wahalar da ita. Ta zauna da ƙaramar jikar, mu muka kai sauran su ga manyan kunkurun da aka kawo daga Seshels a 1919, wasunsu sun haura shekara ɗari. Ginin gidan yarin da ke wurin na 1893 ne, ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, wurin killace masu cuta aka mai da shi. Kafin kowa ya hau sai da na ga rigar hana nutsewa a jikinsa, babba da yaro, kuma na ƙi jirgin farko saboda ba shi da ta yara. A cikinmu ba wanda ya iya iyo. Mutumin Katsina kada ya ji kunyar faɗin haka.

Kaso mafi tsoka na hutun a bakin teku muka yi shi, kuma nan ne na fi daɗewa ina auna zaɓi. Nungwi da Kendwa a arewa sun fi suna, ruwansu ba ya janyewa da nisa, amma can ne mashaya da kiɗan dare da shigar da ba zan so in zaunar da Baba a gabanta ba. Na zaɓi Jambiani a kudu maso gabas, ƙauyen masunta, muka kama gida sukutum mai kicin da tsakar gida, ba bene. Ga iyali irin namu gida ya fi otal ta kowace fuska: kuɗin ya fi sauƙi in an raba, mata na sakewa, ana jam'in salla a baranda, Hajiya kuma ta kaɗa miyar kuka da kifin da aka kamo da safe, wanda Baba ya ce a nan ne cikinsa ya san ya iso.

A gabashin tsibirin teku na janyewa sau biyu a yini, ya tafi can nesa har sai ka hango farin kumfa a bakin murjani, ya bar fili na farin yashi da 'yan tafkuna iya idon sawu. Lokacin na matsawa da kusan minti hamsin kowace rana, kuma da wata yake tafiya: a tsayuwar wata da daren sha huɗu ya fi janyewa, ya fi cikowa. Baba da ya ji haka sai ya karɓi aikin. Da kalandar Hijira da ke aljihunsa da jadawalin da mai gidan ya ba mu, shi ke sanar da lokacin fita da na dawowa, kuma ba wanda ke ƙetare maganarsa, don ruwan in ya juyo da sauri yake zuwa. In ya janye, filin ya zama na yara da Hajiya. Da sandarta da takalmin roba, saboda wasu halittu masu ƙaya da ke ɓuya a cikin ciyawa, ta taka har inda matan ƙauyen ke noman ciyawar teku. Suna kafa turaku, su ja igiya, su ɗaure 'yan rassa, bayan makonni su girbe su shanya a sayar. An fara wannan noma a yankin a 1989, kuma galibi aikin mata ne. Hajiya ta tsuguna iya yadda gwiwa ta bari ta taya wata ɗauri, ba mai jin yaren wata. Da ta dawo ta ce wahalar ta fi kuɗin, ta gani a hannuwansu da idanunsu, ta sa aka sayo sabulun da suke haɗawa da ciyawar da yawa, ta hana a nemi ragi.

Daga Jambiani muka je dajin Jozani, inda jajayen biran da babu irinsu sai a Zanzibar suke zaune a reshe dab da kan mutum, akwai kuma gadar katako shimfiɗaɗɗiya cikin itatuwan fadamar gishiri wadda Hajiya ta bi ba tare da an riƙe ta ba. Muka kuma kai Baba masallacin Kizimkazi, wanda rubutun Kufi da ke jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107, ko da yake an sake gina masallacin daga baya. Ya lissafa da yatsu ya ce rubutun ya girmi hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Muhammadu Korau, da shekaru ɗaruruwa. Ya yi nafila raka'a biyu a ciki.

Tsarin yini kuwa fita ɗaya ce tak, da safe, a dawo kafin azahar, a ci abinci, a yi ƙailula. Bayan duk fita mai nisa sai a huta yini guda. Matasa sun yi ƙorafi da farko, sai na ba su la'asar ta zama tasu, su tafi Paje kallon masu wasan lilo da iska a kan ruwa, da sharaɗin magariba ta same su a gida. Kuɗi ma tun a Katsina muka raba shi: asusu ɗaya na masauki da mota da cefane a hannun Yaya, tsaraba kowa da aljihunsa, na Baba da Hajiya kuma a kanmu 'ya'ya, ba tare da an yi lissafin a gabansu ba. Sababbin daloli muka riƙe, don tsofaffin bugu ba a cika karɓa ba, muka canza zuwa shilin a gari. Motar haya babba ɗaya muka ɗauka da direba, don motocin kasuwa da suke kira daladala ba na mai ciwon gwiwa ba ne. Magungunan tsofaffin na zuba a jakar hannu da takardar likita, da ƙari a kan na kwanakin tafiyar.

Tsarabar ƙarshe a kasuwar Darajani muka yi ta: kanumfari, kirfa, da zannuwan kanga masu rubutu a gefe. Hajiya ta ƙulla wa kowace maƙwabciya nata tun kafin mu taso, ta ware babban ƙulli na Goggo da na ƙanin Baba mai tsaron gona. An sake buɗe adashen a watan da muka dawo. Hajiya na son Pemba, ta ga inda kanumfarin ya fi yawa. Na duba, sai da ƙaramin jirgin sama ko doguwar tafiyar ruwa, ƙasar kuma tuddai ce. Na ce mata sai mun ji abin da likitan ƙashi zai ce game da gwiwar bayan sallar layya, sannan mu tsayar da magana.